Almakashin Inna Yana Nan a Buɗe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri daga gare ni zuwa gare ki. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran duka, Ya ba ku juriyar zama a inda ba ku da dangi, Ya raba ku da ciwo da mugun ji da mugun gani. Yaya sanyin da kike ta ba Inna labari a waya? Yaya bayan naki, har yanzu yana riƙewa in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah, sai kuma kewarki da ta ƙi ƙarewa.

Inna tana nan da sauƙi. Gwiwoyin dai kamar yadda kika bar su, idon kuma ya ƙara dushewa, har ta kai in za ta zura zare a allura sai ta kira ɗaya daga cikin jikokinta. Amma bakin nan nata lafiyarsa ƙalau. Jiya ma sai da ta wanke Kawu tas saboda ya zauna a kan yadin da ta shimfiɗa, shi kuwa ya rantse bai ga yadi ba, tabarma ya gani. Ta daina karɓar ɗinkin mutane, sai ɗan gyaran rigunan yara, amma keken ɗinkinta yana nan a bakin taga, kullum sai ta goge shi ta ɗiga masa mai. Babbar 'yata ta shiga aji shida, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, kuma tafiyarki ta ɗauko sak, wannan saurin da kike yi kamar an aike ki. Ƙaramar kuwa, wadda kika sa wa suna Uwar Surutu, ba ta ba sunan kunya ba. Ba ta tuna fuskarki sai a hoto, amma in an tambaye ta sai ta ce ta san ki sarai, ai ke ce Ummanta ta cikin waya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga hannuna, ni da ko saƙon waya sai an matsa mini. Dalili shi ne abin da nake so in faɗa ba ya faɗuwa a waya. Shekara huɗu ke nan da tafiyarki, kuma a duk tsawon nan in muka yi magana ba ma wuce lafiya da yara da yanayin gari. Da na ambaci asibiti sai ki ce layin ba kyau, in miƙa wa Inna. Yaya, layin lafiyarsa ƙalau, ni da ke mun sani. Takarda kuwa ba za ki katse ta ba, sai dai ki ajiye, kuma na san halinki, ba kya iya barin abu rabi. Don haka ki sami wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe, ko da za ki yi fushi da ni.

Wata biyu da suka wuce aka ɗauke ni daga shara da goge-goge aka mai da ni ɗakin tsabtace kayan aiki, ɗakinki. Ban gaya miki ba, na kuma hana Inna ta faɗa, don ban san yadda za ki ji ba. Ranar da na fara zuwa da rigar aiki sai da na tsaya a bakin ƙofa na rasa ƙafar shiga. Komai yana nan. Bahon wanki guda biyu na jikin bango, da dogon teburin ƙarfe, da ƙusar da kike rataya mayafinki a bayan ƙofa, da tagar nan da ba ta rufuwa sai an doke ta. Tukunyar tururin ma tana nan, wadda kika sa wa suna Goggo saboda huci da gunaguni, kuma har yau sunan da kowa yake kiranta da shi ke nan, har waɗanda ba su taɓa ganinki ba. Da ta fara huci da safe sai in waiga ina neman ki. 'Yar kujerar katakon nan da kike ɗora ƙafa ɗaya a kai in bayanki ya matsa miki, ba wanda ya san amfaninta, sun mai da ita wurin ajiye bokiti. Na sauke bokitin, na goge ta, na mayar da ita gindin tebur.

Wanda ya gaje ki wani dattijo ne siriri, ba ya son wasa, muna ce masa Mai Agogo don ba ya yin komai sai ya dubi tsintsiyar hannunsa. Da farko na ɗauka ba za mu shirya ba, kin san bakina. Amma mutumin ya san aiki, kuma yana koyarwa ba tare da wulaƙanci ba. Shi ya nuna mini cewa kayan da suka fito daga ɗakin haihuwa da na tiyata ba a barin jini ya bushe a jikinsu. A wanke da ruwa da sabulun aikin, a bi kowane lungu da burushi, a ɗauraye, a tsane, a ɗaga a duba a gaban haske, sannan a naɗe a koren ƙyalle, a manna tef, a ba Goggo ta dafa. Ya ce tururi ba ya wanke datti, abin da aka riga aka wanke yake kashe wa ƙwayar cuta, kuma in ƙunshi ya fito da danshi to a sake daga farko. Ya ce ƙarfen da ya shiga jikin wata da safe shi zai shiga jikin wata da yamma, mu ne kawai a tsakaninsu. Ina saurarensa ina jin kamar ke ce kike magana da muryar namiji, don duk na taɓa jin waɗannan daga bakinki ina jingine da sandar goge-goge a bakin ƙofa. Abu ɗaya ne ban taɓa ji ba, kuma saboda shi nake rubuto miki.

Ki tuna watannin da abokiyar aikinki ta yi ritaya aka bar ki ke kaɗai a ɗakin nan, haihuwa kuma ta yi yawa, kaya suna shigowa faranti bayan faranti. Lokacin ban daɗe da rasa baban yara ba, ke kika nema mini aikin sharar. In na gama gogen baranda da rana sai in leƙo in same ki kin dafe baya, ba na iya wucewa in bar ki. Doka ta hana mai shara taɓa kayan aiki, mun sani, amma kika ga ina da hannu, kika koya mini naɗin ƙyalle. Ke ce mai wankewa da tsanewa da jerawa, ni kuma in naɗe in manna tef, ki zo ki zuba a tukunya. Kusan mako shida muka yi a haka. To Yaya, kullum in na zo naɗewa sai in tarar kin jera su almakashi da hantsaki bakinsu a wangale. Sai in ce a raina, Allah sarki, gajiya ta sa Yaya ta manta tarbiyyar gidanmu. Ɗaya bayan ɗaya nake rufe su, masu haƙoran kulle in matse su har sai sun ce ƙas, in jera su tsaf, sannan in naɗe. Ban taɓa gaya miki ba don kada ki ji kunya a ce ƙanwarki tana gyara miki aiki. Har daɗi nake ji in masu jinya suna yaba yadda ƙunshin ya ƙara kyau da tsari.

Ai kin san inda na samo. Wa ya tashi a gaban keken Inna ya bar almakashi a buɗe? Tun ranar da kika taka nata kina 'yar shekara biyar ya tsaga miki tafin ƙafa, tabon da har yau kike da shi, ta kafa dokar, ni da aka haifa bayan nan na gaji hukuncin ban ga laifin ba. In ta shigo ta ga almakashi a buɗe ba ta tambayar wa ya bari, mu biyu take haɗawa ta ƙwanƙwashe mu da katakon awo. Har na girma na yi aure, in na je gidan mutane na ga almakashi a buɗe a kan tebur, hannuna yake zuwa ya rufe kafin in ankara. Ke makarantar koyon aiki ta cire miki wannan, ni kuwa ba wanda ya cire mini.

A mako na biyu a ɗakin, Mai Agogo ya bar ni in naɗe ƙunshin farko da kaina, yana tsaye a bayana. Na ɗauki hantsaki na matse shi ya ce ƙas. Sai na ji ya riƙe mini hannun riga. Ya tambaye ni wa ya koya mini haka, na ce ba kowa, tsari ne kawai. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauko 'yar takardar gwajin nan da take canja launi in tururi ya taɓa ta, guda biyu, ya sa ɗaya a bakin hantsaki ya kulle, ɗayar ya sa a bakin wani ya bar shi a buɗe, ya naɗe su ya ba Goggo. Muka tsaya, yana duban agogo ina dubansa. Da lokaci ya cika ya fito da ƙunshin. Tef ɗin waje ya yi baƙin layinsa kamar kullum, alamar ya sha tururi. Takardar da ke bakin buɗaɗɗen ta sauya gaba ɗaya. Ta bakin kullallen kuwa gefenta kawai ya sauya, daidai inda ƙarfe ya cije ta tana nan fara fat kamar ba ta shiga tukunya ba. Ya ce to haka ƙwayar cuta take samun maɓoya, a baki da gaɓar da aka matse, tururi ya zagaya ta waje ya wuce, ita tana ciki lafiya lau, sai ta fito a jikin mai jego.

Yaya, sai na zauna a 'yar kujerar nan taki da takardar a tafin hannuna, mata huɗu suka dawo mini a ido. Huɗun nan da ɗinkinsu ya yi mugunya a cikin wata guda, zazzaɓi ya rufe su, aka yi ta kai da kawo. Uku Allah Ya tashi kafaɗunsu. Ta huɗun, matar mai gyaran rediyo ta bakin titinmu, sai da aka cire mata mahaifa kafin a ceto ranta, tana haihuwar fari. Na tuna kwamitin da aka kafa, da yadda kika shiga ofis kika fito ba ki ce wa kowa komai ba, da kalmar sakaci da ta bi gari da sunanki har kika ajiye aikin. Mu masu shara ba wanda ya gaya mana abin da aka gano, sakaci kawai muka ji. Na tuna kuma abin da ya fi ci mini rai a lokacin. Tun kafin kwamiti ya zauna kika tare ni a bakin ƙofa, kika ce daga yau kada ƙafata ta ƙara taka ɗakin nan, in tsaya a kan tsintsiyata. A gaban mutane kika faɗa. Na riƙe wannan maganar shekara huɗu, ina cewa Yaya ta huce haushinta a kaina, ta tuna mini matsayina. Ko rakiyar da na yi miki tasha ranar tafiya da ita a ƙirjina na je, shi ya sa ban yi kuka ba sai da na dawo gida.

Washegari na nemi izini na tafi gidan babbar ungozoma, wadda ta yi ritaya bara. Na same ta a tsakar gida tana shan hantsi, ta tsufa amma idon nan mai kaifi yana nan. Ban yi nisa da magana ba ta ɗaga mini hannu, ta ce ta daɗe tana jiran wannan zuwan. Ta ce ranar da mace ta uku ta dawo da zazzaɓi, ku biyu kuka shiga ɗakin kuka rufe ƙofa, kuka kwance duk ƙunshin da ke kan kanta. Ita kanta, in ji ta, kullum tana buɗe ƙunshin nan a ɗakin haihuwa tana ganin kayan a rufe, bai taɓa zo mata a rai ba, don hankalinta yana kan mai naƙuda. Ke kuwa kina gani kika juya ƙyallen kika dubi kunnen naɗin, kika ga ya kwanta ta hagu. A duk asibitin nan bahaguwa ɗaya ce, ni. Ta ce ta buɗe baki za ta kira sunana kika riƙe mata hannu, kika ce yarinyar nan marayu biyu ne a gabanta, kuma in ta san hannunta ne ya yi wannan ba za ta ƙara moruwa ba. Kika sa ta yi miki alkawari. Sannan kika sake wanke kayan nan kaf, kika sake dafa su, ke kaɗai. A gaban kwamiti kuma kika ce ɗakin naki ne, ba mai shiga sai ke, duk abin da ya fito daga cikinsa naki ne. Ta ce ta riƙe alkawarin har ranar, amma tunda na zo da ƙafata na faɗa da bakina, ya sauka daga wuyanta.

Bari in gaya miki gaskiya, da fushi na fito daga gidan nan, ba da godiya ba. Haba Yaya. Wa ya ce ki yanke mini hukunci ban sani ba? Kin ɗauki kayana kin ɗora a kanki kin tsallaka da su ƙasar da ba mu san kowa ba, kin bar ni ina yawo da hannu mai laifi ina jin haushinki. Da Mai Agogo bai tsaya a bayana ranar nan ba, da na sake yin abin da na yi, da wata baiwar Allah ta sake kwanciya saboda ni. Kin yi tunanin wannan? Magana ɗaya ta isa, ki ja ni gefe ki ce in bar su a buɗe. Na yi ta wannan faɗan da ke a raina har na kai bakin titi, sai kuma na tuna yadda kika kau da kai lokacin da kike korata daga ɗakin, ba ki iya haɗa ido da ni ba. Nan fushin ya zube. Na tsaya a gindin wata bishiya ina kuka kamar ƙaramar yarinya, masu wucewa suna tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Na je wurin babban likita na faɗa masa komai. Mai Agogo ya raka ni, ungozoma ma ta dogara sandarta ta zo ta ba da shaida. Likitan ya daɗe yana juya biro a hannu. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa cewa rufe kayan ne kaɗai ya jawo abin da ya faru, don a lokacin akwai cunkoso da ƙarancin hannu, kuma su ma da suka bar mutum ɗaya da aikin mutum biyu suna da nasu kason. Ya ce barin da kika yi na taɓa kaya kuskure ne, wannan ba zai goge shi ba. Amma sakaci a wanki da dafa kaya, ya ce ba naki ba ne, kuma ya rubuta haka ya sa hannu ya buga hatimi. Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, na ninke ta a cikin tawa. Ni kuma an ce in ci gaba da aiki a ƙarƙashin idon Mai Agogo har kwamiti ya zauna a kaina. Kada wannan ya dame ki, duk abin da suka yanke zan ɗauka, nawa ne. Yanzu a bangon ɗakin, saman teburin naɗi, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk abu mai gaɓa a buɗe yake shiga tukunya, kuma duk sabon da ya zo sai an yi masa gwajin takardar nan ya gani da idonsa.

Wuri mafi wuya shi ne gidan mai gyaran rediyo. Kin san tun abin nan matarsa ba ta gaida kowa a gidanmu, in ta hango Inna sai ta tsallaka titi. Sau uku ina zuwa ƙofar ina juyawa. A na huɗu 'yarta ta gan ni, yarinyar da aka haifa a wancan watan, ta ruga ta ce an yi baƙuwa. Na zauna a ƙasa na faɗa wa uwar komai tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Tana tsefe wa yarinyar kai, ba ta daina ba har na gama. Na ɗauka za ta zage ni ko ta kore ni, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta tambaye ni abu ɗaya, ko yanzu ana buɗe su. Na ce ana buɗewa. Sai ta ce ba za ta ce ta yafe mini yau ba don kada ta yi ƙarya, in ba ta lokaci. Amma ta ce shekara huɗu tana kai ƙarar wadda ba ta yi mata komai ba wurin Allah, in gaya miki ta janye, kuma ki yafe mata. Shekaranjiya ta gaida Inna a bakin titi.

Inna ce ta ƙarshe da na gaya wa, don ita na fi tsoro. Na same ta da hantsi a bakin taga tana laluben bakin wata riga. Ina faɗa tana ji, hannunta ya tsaya. Da na zo kan maganar almakashi ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce ashe katakon awonta ne ya kori 'yarta daga gari. Na ce ba haka ba ne, hannuna ne, ta ce in rufe mata baki, hannun wa ya horar da nawa. Kin ga mu uku ke nan, kowa yana jan laifin zuwa gabansa. Kawu da ya shigo ya tarar da mu ya ce bai taɓa ganin gidan da ake wawason laifi ba sai namu. Ba wanda ya yi dariya, shi ma daga baya na ga yana goge ido da bakin hularsa.

Yaya, ki zo gida. Ban ce ki bar gidanki ko ki kwaso yara daga makaranta ba, na san kin kafu a can, Inna ta ce kina aiki a gidan kula da tsofaffi kuma suna ji da ke. Ko mako biyu ne ki zo. Na san abin da ya hana ki, ba nisa ba ne, bin titin nan ne ana nuna ki da baki. To yanzu ba mai nuna ki. In ma za a nuna wani ni ce, kuma na fi ki faɗin kafaɗa. Ina kewar yadda kike shigowa gida kina cire takalmi tun daga bakin ƙofa kina kiran a ɗora ruwan shayi. Ina kewar faɗanki. Ina kewar tafiyarmu aiki da safe, ke a gaba ni a baya ina cewa ki jira ni, kina cewa masu haihuwa ba sa jira. Yanzu ni kaɗai nake bin hanyar, kuma na kasa tafiya a hankali, kamar akwai wadda nake so in cim ma. Inna kuwa, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai ta kasa kunne, idon kuma kullum ƙara rufewa yake. Likitan ido ya ce a yi haƙuri a ga abin da Allah zai yi. Ina so ta gan ki tun tana iya bambance fuska. Ni kuma ina so in roƙi gafararki ina kallon idonki, don wannan ba a takarda zan yi shi ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce ina gode masa da riƙon da ya yi miki a lokacin da mu ba mu san nauyin da kike ɗauke da shi ba. Ki shafa mini kan yaran, babban da mai sunan Inna da autar da ba mu taɓa ɗauka ba. Kawu yana gaisuwa. Goggo tana gaishe ki, ta gidan Kawu nake nufi, ko da yake ta asibitin ma da tana da baki da ta aiko. Babbar ungozoma ta ce ki yafe mata in ta saɓa. Mai Agogo bai san ki ba, amma ya ce in gaida ki, wai tun ranar da ya ga yadda aka kula da tukunyar nan ya san ba mai sakaci ce ta bar ta ba. Yarana suna gaida Ummansu ta cikin waya.

Saura abu ɗaya. Ranar nan, bayan Kawu ya fita, Inna ta ce in miƙo mata almakashinta, babban nan mai baƙin mariƙi da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta lalubi kunnuwansa, ta buɗe shi har iyaka, ta ɗora a kan keken ɗinki. Ta kira yaran ta ce duk wadda ta je kusa da keken nan za ta gamu da ita. Sannan ta ce ba mai rufe shi, ba ita ba, ba ni ba, sai wadda aka kafa dokar dominta ta shigo ɗakin nan ta rufe shi da hannunta. Yau kwana goma sha tara ke nan. Kullum in zan fita aiki ta gabansa nake wucewa, sai in sa hannun hagun nan a cikin aljihu in damƙe. Yana nan a buɗe, Yaya, kuma kin san Inna ba ta sauka daga magana.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki Bahaguwa